Masu Girki Huɗu da Na Toshe wa Taga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Barau Garbadu, wakilin hakimi, malamanmu da iyayenmu mata, Malam Misbahu, mai riƙon cibiyar koyon kwamfuta ta ƙungiyarmu, 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta da masu shagunan buga takardu da kunka taso daga Bakura da Maradun da nan Talata Mafara, jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku, ina yi muku ban gajiya.

Na gode wa Allah, na gode muku. Ni Ɗan Asabe, ɗan mahauta ne, aji huɗu na firamare na tsaya, ga shi yau an kira ni gaban manya a sa mani hula don na sa kwamfuta gudu. An kuma yanke cewa gobe in yi wa kwamfutoci goma sha biyu na cibiya irin wannan aiki. To, ranka ya daɗe, kafin hula ta hau kai, ina roƙon a saurari abin da ke cikin wagga leda.

Magana ta farko, yadda abin ya faro. Wata uku da sunka wuce Hajiya Kubura, mai shagon haɗa bidiyon biki a Bakura, ta kawo mani kwamfutarta. Ta ce, "Ɗan Asabe, wagga aba tana tafiya kamar tsohuwa ta dawo daga gona." Na taɓa gani a waya yadda ake ƙara wa furosesa gudu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ƙara mata wuta ta yi aikin da ya wuce ƙa'idarta. Ban yi gaggawa ba. Mako guda na yi ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na cire ƙaramar fankar da ta zo da ita, na ɗora wata babba mai tsayi kamar rumbu. Ma'aunin zafi bai taɓa wuce sittin da biyar ba. Aikin awa huɗu ya koma awa uku, Hajiya ta yi murna, labari ya kai har Maradun, kunka ji kunka yaba.

Shekaranjiya bayan azahar sai ga waya. Hajiya ce. Ta ce, "Kai ɗan mahauta, babbakar ƙafar saniya ka bar mani a shago?" Na yi dariya. Ta ce, "Ba wasa nake ba, ɗan nan. Ta mutu, kuma ƙauri take."

Jama'a, na hau babur na je, na kwance ta. Ƙwaƙwalwar nan da na yi mako guda ina gadi, lafiyarta ƙalau, ko gumi ba ta yi ba. Amma a gefenta, a jikin madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa guda huɗu a jere, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Biyu sun fashe. Allon da ke ƙarƙashinsu ya yi jawur ya koma baƙi kamar tsiren da anka manta a wuta. Bakin wayar da ke kawo musu wuta ya narke ya manne. Innalillahi! Na zauna a ƙasa, ban san na zauna ba.

Magana ta biyu, abin da na gano. Na kai allon gida na sa shi gaba, ina kallo ina tambayar waɗanda sunka fi ni sani. Ashe 'yan abubuwan nan su ne masu girki. Wuta tana zuwa da girmanta, su ne ke yanka ta gunduwa-gunduwa daidai bakin ƙwaƙwalwa. Duk gudun da na ƙara, kansu aikin ya hau. Sannan ga abin da ya fi tayar mani da hankali: tsohuwar fankar da na raina, ƙasa take hurawa, iskarta ta bazu ta bi ta kansu. Sabuwar tawa, mai tsayin nan, gefe take hurawa, iska ta wuce ta saman kansu ko gaisuwa babu. Na ƙara wa maigida cin abinci, na kunna masa fanka, masu girki kuwa na ninka musu aiki na toshe musu taga. Ma'aunin da nake alfahari da shi, zafin maigida kaɗai yake faɗa. Ba wanda ya tambayi ɗakin girki.

Magana ta uku, ita ce ta hana ni karɓar hula. Jiya da safe na roƙi Malam Misbahu ya buɗe mani cibiya. Ya ce, "Ai gobe-jibi ne aikin, me kake sauri?" Na ce, "Malam, saurin ne na zo tarewa." Munka kwance kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga da yatsa. Uku suna da masu girki takwas-takwas, an ɗora musu ƙarfen shan zafi. Tara kuwa, tara cif, irin na Hajiya ne sak: huɗu-huɗu, tsirara, ba ƙarfe ba komai. Ɗakin cibiyar taga ɗaya gare shi, rufin kwano, ga bazara ta kunno kai, kun kuwa san zafin Mafara. Malam ya riƙe baki ya ce, "Ashe gobara munka yi wa alƙawari!"

Saura mako shida yaranmu su zauna jarrabawar da ake yi da kwamfuta. Daga Faru suke zuwa, daga Tsibiri suke zuwa, uku-uku bisa babur, wasunsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ɗakin nan. Me za su yi da gudu? Karatu suke, suna danna amsa. In tara sunka ƙone, ina za mu kai su? Da wane baki za mu kalli iyayensu?

Don haka roƙona ke nan. A soke aikin gobe. Wanda duk zai ƙara wa kwamfuta gudu daga yau, ya fara duba allon ko zai ɗauka, ya duba akwatin wuta da wayoyinsa, ya duba inda iska take bi, ba inda yake so ta bi ba. Abin da ruwan zafi ya dafa, in anka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa shi.

Hajiya Kubura tana nan zaune. Allah Ya kiyaye, bidiyoyin mutane ba su salwanta ba, amma ni na kashe mata abin sana'a, kuma gaban jama'a nake neman gafararta. Hajiya, ki yafe wa ɗanki.

Ranka ya daɗe, ga allon nan cikin leda. Gani ya kori ji, amma wannan har da hanci: a zagaya da shi kowa ya shinshina. Hular kuwa a ajiye ta wurin Malam Misbahu. Ranar da yaran nan sunka fito jarrabawa, kwamfutoci goma sha biyu suna nan da ransu, in kun ga na cancanta, kaina yana nan.

Allah Ya tsare mu da ilimin da bai nuna ba. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka ga sana'o'inmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.