Karatun Rifkatu da Ɓarar Gyaɗa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, iyaye mata da iyaye maza, har da ku 'yan bencin baya da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba. Sunana Talatu, amma ko Fasto Kaka yake ce mini. Ban taɓa zama a aji ba. Magatakardar zumuntar mata ce ta rubuta wannan shaida daga bakina, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi ba na jiki ba ne. Girman kai ne. Kuma saura ƙiris ya cinye karatun jikata.

Kun san ni da hadda. Aya in an karanta ta sau biyu a majami'a, ta zauna a kaina ke nan. Da wannan na reni Rifkatu, 'yar ɗana marigayi, tun tana shekara huɗu. Na koya mata cewa karatu shi ne ka haɗiye magana ka dawo da ita yadda aka ba ka. Firamare ta yi ta zuwa ta ɗaya, sakandare ma haka. Ranar da ta samu shiga jami'a a Kano don karatun aikin gona, har kasuwar Makoda na je, ba don cefane ba. Mai tumatir ya ce, "Kaka, na nawa za a zuba?" Na ce masa, "Jikata tana jami'a."

Da za ta tafi na riƙe hannunta na ce, "Kada in ji an ce kin tsaya gaban wani kina cewa ba ki gane ba. Ba mu gaji wannan ba. Ki haddace, ki kama bakinki." In ta zo hutu ko tsintsiya ba na barinta ta taɓa. In tura ta ɗaki da littattafai, in zauna bakin ƙofa ina korar ƙawayenta kamar kaji.

A shekara ta biyu, daidai lokacin cirar gyaɗa, ta dawo a rame. Kwana uku tuwonta yana komawa madafa yadda aka kawo shi. Rana ta huɗu da safe ta ɗora mini wata takarda a cinya.

Na ce, "Ke, ni da takarda? Karanta."

Ta karanta mini. Ashe ta faɗi jarrabawa a darussa uku. In ta sake faɗuwa a jarrabawa mai zuwa, za a sallame ta daga jami'ar gaba ɗaya.

"Ba ki haddace ba ne?"

"Kaka, har lambar shafi na haddace. Amma ba abin da ke shafin suke tambaya ba. Sai su ce ga gonar wani mutum, ganye ya yi rawaya, me za ki gaya masa? Ni kuma in tsaya ina lalubar shafi a kaina har lokaci ya ƙare."

Sannan ta ce akwai wani ofis a makarantarsu da ake koya wa ɗalibai yadda ake karatun shi kansa, kuma tun shekarar farko aka ce ta je.

"To wa ya hana ki?"

Ta dube ni ta ce, "Ke."

Jama'ar Allah, da na so in ce muku nan take na tuba. Ina! Abin da ya fara zuwa raina shi ne me mutane za su ce. Na figi fartanya na nufi gona ina huci.

Ranar ce ranar gayyar cirar gyaɗata. Na tarar da mata sun riga ni, na majami'a da maƙwabtanmu Musulmi, sun jeru suna cira suna karkaɗewa. Na ratse bayan tarin harawa na durƙusa na ce, "Ubangiji Yesu, ka buɗe kan yarinyar nan!" Sai tambaya ta faɗo mini a zuciya, sarai kamar ana magana a gefena: "Talatu, wa ya bi gida-gida shekaranjiya yana roƙon a zo a taya shi cirar gyaɗa?" Ni ce. Gonata na nema mata hannuwa ban ji kunya ba, marainiya kuwa na ce ta cire tata ita kaɗai. Wayyo! Na yi kuka har majina. Na ce, "Uba, ashe kan da ya toshe nawa ne. Ka gafarta mini."

Ran Litinin na ɗaura zanen zumunta, muka hau bas zuwa Kano, daga tasha muka shiga adaidaita sahu. A ofishin muka samu wata Malama, baiwar Allah Musulma mai fara'a. Ta ba ni kujera ta ce, "Inna, ke ma karatun kika zo?"

Na ce, "Laifi na kawo, 'yar nan. Nawa ne, ba nata ba."

Ta saurare mu tsaf. Ta nuna wa Rifkatu yadda za ta raba makonta, ta riƙa taƙaita darasi da kalmomin bakinta, ta gwada kanta da tambayoyin shekarun baya, ta kuma haɗa ta da wasu 'yan ajinsu su riƙa bita tare. Sai ta juyo wurina.

"Inna, kin iya tambaya?"

"Hana ta dai na iya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To yau an ba ki aiki. Duk Asabar in ta zo gida, ta rufe littafi ta yi miki bayanin darasin da Hausa. Inda ta kasa fahimtar da ke, nan ne ba ta gane ba."

Haka muka buɗe tamu jami'ar a gindin darbejiya, kwaryar gyaɗa a tsakiya, muna ɓara. Asabar ta farko Rifkatu ta gyara murya ta ce, "Gyaɗa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi."

Na ce, "Tun ba a haifi ubanki ba na san wannan. Shi ya sa muke bin ta da gero. Don me take ƙarawa?"

Sai ta ɓarke da Turanci kamar rediyo.

"A'a, 'yar boko. Da Hausa."

Ta koma ɗaki ta duba littafi, ta daɗe. Can sai ga ta da gudu, ta zaro wata saiwa daga cikin harawa ta nuna mini 'yan ƙululun nan da ke manne da ita. Ta ce a cikinsu akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke ɗebo abincin shuka daga iska su ajiye a ƙasa.

Na ce, "Waɗannan? Tun ina budurwa nake karkaɗe su ina zubarwa, ashe ma'aikata ne ban taɓa yi musu sannu ba!"

Daga ranar ba ta ƙara samun sararina ba. Don me? Sai me ya faru? In damina ta yi gardama fa? Wata rana ta ce, "Tsohuwa, wallahi malamanmu sun fi ki tausayi." Na ce, "Ɓara dai kina bayani, hannu ba ya hana baki aiki."

Watanni suka wuce, aka yi jarrabawa. Ina tsakar gida da hantsi ina ba awaki dusa wayata ta yi ƙara. Muryarta kawai na ji: "Kaka, na ci! Duka ukun, har da na bana!" Na rangaɗa guɗar da ta sa awakin suka tsinke igiya. Haleluya! Rifkatu tana nan a jami'a, ba wanda ya sallame ta.

Ku taya ni gode wa Ubangiji, wanda bai bar taurin kan tsohuwa ya rushe rabon marainiya ba. Iyaye, in ɗanku ya ce bai gane ba, kada ku rufe masa baki. Ku kuma ɗalibai, ku dogara ga Yesu, ku tashi ku nemi masu taimakon da ya riga ya ajiye muku a makarantunku. Wanda kuma ba shi da kakar da zai yi wa bayani, gidana yana bayan majami'a, akwai sauran buhu biyu ba a ɓare ba.

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga sunan Yesu. Amin!