Maɓalli na Uku

A rumfar mai gyaran kayan ƙarfe, wani tsoho ya miƙa ƙahonsa na badujala, ya nemi benci ya zauna.

"Bakin da ya lotse kawai za ka miƙar min, ɗana. Da ƙahon nan aka fara busa taken ƙasa."

"Allah ya ja kwana, Baba," in ji mai gyaran, bai ko ɗago ba.

"Ina da hujja. Ka san wurin nan da waƙar ke haurawa sama har maƙogwaro ya gaza?"

"Na sha bulala a kansa a makaranta."

"To, wanda ya tsara kiɗan ba haka ya rubuta ba. Ranar da aka ɗauka a gidan rediyo, maɓalli na uku na ƙahon ya maƙale min. Faifai ɗaya gare su, ba a sake ba. Shekara hamsin ke nan ƙasa na rera kuskurena, manya suna tsaye ƙiƙam. Abokan busana duk sun rasu, maɓallin nan da har yau yake a maƙale shi kaɗai ya rage min shaida."

Mai gyaran ya dubi kwalbar mai a hannunsa.

"Wannan? Ai tun kana neman wurin zama na ɗiga masa mai. Kyauta ma."

Tsohon ya karɓa, ya busa a hankali. Waƙar ta fito sumul, yadda mai ita ya so.

Mai gyaran ya yamutsa fuska. "Gaskiya, Baba, ba haka taken yake ba."