Tukwanen Giyar Inna

Ku ci gaba da tsintar albasar, ai kunne yana ji ko hannu na aiki. Kai Yohanna, tunda ka kafe sai ka tafi Ikko bana, bari ka ji irin kuɗin motar da ni na tafi da shi.

Kuɗin tukwanen giya ne. Innata, wato kakarku, duk ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure ba wadda ta kai ta iya burkutu. Mu Maguzawa ne fa lokacin, ba a gayya ba a biki sai da tukunyarta, kuma da ita ta ci da mu bayan rasuwar Baba. To ranar da aka yi mata baftisma a kanal ɗin noman rani, ta dawo da jiƙaƙƙen zane ta kife tukwanen a bayan ɗaki. Mai bishara ma bai matsa mata ba. Ita ce ta ce ta ga abin da giyarta ta yi wa mazan mutane, ba za ta bi Yesu da ludayin giya a hannu ba. Daga nan ta koma tsinkar tumatir a gonakin mutane, mace mai jikoki, a sunkuye cikin rana. Da na ce zan tafi ci-rani, sai ta sayar wa marinan Kura da tukwanen a araha. Wata mai giya ta taya da tsada, Inna ta hana ta. Ni kuma na yi mata alkawarin injin markaɗe, ta zauna a inuwa ta huta.

A saman kwandunan tumatir na tafi, a bayan babbar mota, zamanin da soja ke sa mutane bin layi da bulala. Ikko gari ne da kowa ke ce maka aboki amma ba mai ba ka ruwa. Akwai wata mota wai ita moluwe, ba ta tsayawa, sai dai ka yi tsalle ka faɗa. In ka tare hanya a ce maka "kamot", wato kauce. Wannan kalmar na fara koya, don kullum da ita ake gaishe ni.

Wani Alhaji ɗan Garun Mallam, fatoma a kasuwar gwari, shi ya ba ni wurin kwana a rumfa da aikin dako.

"Sunanka?"

"Bitrus, Alhaji."

"Bahaushe kuma Bitrus? To, Allah ɗaya gari bamban. Amma ka sani, ran Lahadi motoci suka fi shigowa. Wanda bai sauke ran Lahadi ba, shi ne ƙarshen layi duk sati."

Bai zalunce ni ba, haka tsarin yake. Na zaɓi sujada a coci, na zama na ƙarshen layi, sai kwandon da ya fashe yake isowa kaina, ruwan ruɓaɓɓen tumatir yana bin wuyana. A cocin ma, ranar farko mai gadi ya tare ni, ya ɗauka gyaran takalmi na zo yi. Kun ga, can ni baƙo, nan ni baƙo. Na gaji ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Da tumatirin rani ya ja baya, aiki ya yi ƙasa, ga tari ya kama ni don sanyin siminti. Sai wata mata 'yar cocinmu, kowa Madam yake ce mata, ta kira ni otel ɗinta. Ta ɗan zauna a Kano, tana jin Hausa guntu-guntu. Ta nuna mini ɗaki da katifa da fanka. Har na zauna a kan katifar, bayana ya ji daɗin da ya manta. Albashin da ta faɗa, kafin wani rani injin Inna ya samu.

"Mene ne aikin, Madam?"

"Ƙaramin aiki. Ka ɗauko kiret, ka buɗe kwalaba, ka ba kwastoma."

"Giya ke nan."

"To mene? Ni ma coci nake zuwa, a gaba ma nake zama. Ba kai za ka sha ba."

"Innata ma ba ta sha, Madam. Dafawa kawai take yi."

Ba ta gane ba, ni ma ban iya yi mata bayani ba. Ban ce ita ba Kirista ba ce, wannan tsakaninta da Ubangijinta. Ni dai na san da wane kuɗi na hau mota. Na tashi daga katifar nan kamar ana ɓamɓare ni, ita kuma ta raka ni da kalmar da na saba ji.

Ɗaukar gicciyen da kuke rerawa a waƙa da ganga, nauyi gare shi, kuma ba kullum ake sauke maka shi da lada a hannu ba. Na ƙara wata damina a rumfar, tari ya ci abin da na tara, bayan nan nawa da kuke ji ina kuka da shi can na samo shi. Injin kuwa, har Inna ta koma ga Ubangiji ban saya mata ba. Har yau in na ji ƙarar injin markaɗe raina ɓaci yake yi.

Na dawo da burodi biyu da turmin atamfa mai araha. A gonar wani na same ta, a sunkuye yadda na bar ta. Na durƙusa, kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Inna, ban zo da injin ba."

Ta kamo hannuna ta kai hanci, ta sansana tafin, ta sansana wuyan rigata. Macen da ta yi rabin rayuwarta a bakin tukunya, ko an wanke da sabulu ba a ɓoye mata warin giya.

"Ruɓaɓɓen tumatir," ta ce. "To madalla, ka dawo mini yadda na aike ka."

Sai ta miƙo mini kwando, ta ce in kama wancan layin kafin rana ta yi zafi.