Gonar Ubana da Na Jinginar

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Iyaye, dattawa, 'yan'uwa, sannunku da sujada.

Sunana Habila, ɗan marigayi Bawa na wajen Beli. Da yawanku kun san ni a bakin tasha a Karaye, inda nake faci. Na kuma san tun da na miƙe wasu suka dafe aljihu, suna cewa a ransu, "To, yau kuma nawa zai roƙa?" Ban ga laifinku ba, ni na koya muku haka. Amma ku saki aljihunku. Yau abin da Allah ya yi mini na zo faɗa.

Da ubanmu ya rasu ya bar mana gona biyu: ta bayan gida, inda Inna ke taɓa 'yar gyaɗarta da kuɓewa, da babbar ta hanyar rafi, wadda dawarta ke ciyar da mu daga kaka zuwa kaka. Ni ne babba a gida, sai aka bar babbar a hannuna.

Ina da shekara ashirin da uku a lokacin. Sa'o'ina na hawa babur, ni ina bin kunya da fartanya, abin ya tsaya mini a rai. Na tafi wurin Malam Sale, mai sayen gyaɗa a Beli, wanda ya daɗe yana ciniki da ubana. Na jinginar masa da gonar a kan naira dubu ɗari da hamsin. Kun san yadda jingina take: shi zai riƙa nomanta har ranar da na mayar masa da kuɗinsa cif, ko shekara nawa ne.

Inna kuwa na ce mata haya na bayar, ta shekara ɗaya tak, zan riƙa aiko da hatsi daga kuɗin acaɓa. Na dubi idon uwar da ta haife ni na yi mata ƙarya. Allah ya gafarta mini!

Na sayi tsohon babur na koma Karaye. Wata uku na farko na aika da dawa gida. Daga nan wani abokin aiki ya nuna mini cacar ƙwallo a waya. Ranar farko na sa ɗari biyu na ci dubu uku. 'Yan'uwa, gara a ce ranar nan na faɗi! Shaiɗan ba ya fara wa mutum da ɗaci.

Kafin shekara ta zagayo, babur ya tafi. Na koma wurin Malam Sale na ce ya ƙara mini a kan jinginar, ya ba ni dubu talatin. Na sake komawa, ya ba ni dubu arba'in. Bashi ya zama dubu ɗari biyu da ashirin, ni kuwa na zama yaron mai faci, abin da nake samu a yini da ƙyar yake kai ni gobe.

Bashi yana da wata cuta da ba a faɗa. Yana sa ka zargi kowa. In Malam Sale ya gaishe ni da fara'a, sai in ce dariyar mai jiran gado ce. In ya ɗaure fuska, sai in ce ya fara shiri. In na shigo majami'a na ga mata biyu sun haɗa kai, na tabbata zancena suke. In fasto ya yi wa'azi a kan gaskiya, sai in zauna ina lissafin wa ya kai masa gulmata.

Baba Yohanna, dattijon ikkilisiyarmu, ga shi can zaune, ya tare ni wata Lahadi bayan an tashi.

Ya ce, "Habila, ka rame. Ciwo ne ko bashi?"

Na ce, "Aiki ne, Baba."

Ya ce, "Aikin da ke sa mutum ya bi ta bayan shago in ya hango mai shago? In kana tara wani abu, kawo in ajiye maka. Kuɗi ba sa kwana a hannun mai zafin hannu."

Na yi godiya na tafi. A raina kuwa na ce, tsohon nan yana rufin ɗaki, so yake ya sayi kwano da gumina. Baba, yau ina faɗa a gaban jama'a, haka na ɗauke ka. Ka yafe mini.

Na ce ni zan tara da kaina. Kuma na tara! Wata bakwai ina matse ciki har na haɗa dubu arba'in da biyar. Ban kai wa Malam Sale ba, don na ce in na ba shi kaɗan-kaɗan zai musa wata rana. Na ɗaure su a leda na cusa cikin tsohuwar taya a bayan rumfarmu. Na ga maigidana ya kalli wajen, na mayar da su ɗaki. Na ga wanda muke kwana ɗaki ɗaya ya sayi sabon takalmi, na kwance na ƙirga sau uku. Ko sisi bai ɓace ba.

Wata Asabar na ce bari in ninka su a caca in huta gaba ɗaya. Kafin la'asar babu ko ɗari.

Bazara ta shigo. Na hau mota zuwa Beli da niyyar neman ƙari na uku. Na sauka na bi ta hanyar rafi, sai na ga gonar ubana cike da tsibin taki, jere-jere, amalanke bayan amalanke. Mutum ba ya zuba wa gona taki haka sai yana ganin tasa ce.

Na sami Malam Sale a rumfarsa yana auna gyaɗa. Gaisuwar ma a tsaye na yi ta.

Ya ce, "Ɗan Bawa, zauna mana. Ko kunama ce a tabarmar?"

Na ce, "Malam, na ga taki a gonarmu."

Ya ce, "Ka gani da kyau. Ƙasa ta gaji, ubanka bai taɓa barinta da yunwa ba."

Na ce, "Ko dai an riga an gama da ni ne ban sani ba?"

Ya ajiye kwanon awo ya dube ni. Ya ce, "Yaro, ba zan ɓoye maka ba, ina son gonar nan. Duk yankin nan babu ƙasa irinta. Na kuma san abin da ya kawo ka, ƙari kake so. To, ƙari ya ƙare. In kuɗi kake nema, a kira mai unguwa a yi mata farashi, a cire bashina, in cika maka sauran. Amma jingina ce na karɓa daga hannunka kai kaɗai. Sayarwa kuwa sai mahaifiyarka na zaune. Ba na ciniki a bayan idon tsohuwa."

Na fito ina cewa a raina, ga shi ya faɗa da bakinsa. Amma wata zuciyar tana lissafin abin da zai rage mini in an sayar, da wasannin da za a buga ranar Asabar. Ku ji irin mutumin da nake!

Na shiga gida na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗar iri. Ta rame, zanenta ya koɗe. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa mai hayar yana son ƙarin shekara.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Kai, tun ina yarinya ban taɓa ganin mai hayar shekara ɗaya ya kai taki gonar wani ba. Tun bara na sani."

Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ka ji ka! Har yanzu wanda ya faɗa kake nema. Babu wanda ya gaya mini, ido gare ni. Na yi shiru ne ina jira in ga ranar da za ka gaji da ƙarya. In sayarwa ka zo yi, ka bari sai an binne ni. Ba daɗewa zan yi ba."

Na kasa tsayawa a gidan. Na koma gonar da tsakar rana, na zauna a gindin ɗorawar da ubana ke hutawa. Na buɗe baki zan yi addu'a, sai na ji ina kai ƙarar mutane. Ya Ubangiji, ka ga Malam Sale. Ka ga masu gulma. Ka ga wanda ya koya mini caca.

Sai wata tambaya ta faɗo mini a zuciya, a hankali, ba da tsawa ba: a cikin waɗannan duka, wa ya taɓa ɗaukar maka ko naira ɗaya?

Na duba. Malam bai ƙwace ba, ni na kai masa. Baba Yohanna bai taɓa kuɗina ba. Abokin ɗakina bai taɓa ba. Shekara biyu ina gadin kuɗina daga kowa, ɓarawon kuwa da hannuna yake cin tuwo!

Na kifa fuskata a ƙasa na yi kuka kamar yaron goye. Na ce, "Yesu, ni ne. Ba kowa, ni ne. Ka cece ni daga hannuna, kada gonar marayu ta tafi ta dalilina." Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Amma na tashi da sauƙin da na manta akwai irinsa. Halleluya!

Na koma na durƙusa a gaban Inna na faɗi komai, har adadin kuɗin. Na je na gaya wa Malam Sale ba zan sayar ba. Ya ce, "To, mu gani a ƙasa." Washegari na kai wa Baba Yohanna babbar wayata na ce ya sayar, na sayi ƙarama mai maɓalli. Abin da ya rage shi ne biyan farko.

Ga yadda muka yi. Kullum da yamma, kafin in ci abinci, sai in kai wa Baba abin da na ware, ko ɗari uku ne. Ƙarshen wata mu tafi Beli tare, a ba Malam a gaban mai unguwa, a rubuta a takarda biyu. Da damina ina ƙwadago da safe kafin in fita faci. Da rani ina ɗaukar kwandunan tumatir a bakin dam. Na daina shayi da burodi, na koma koko.

Kada ku ɗauka na zama mala'ika. Watannin farko ina ba Baba kuɗi, ina kuma rubutawa a ɓoye a bangon ɗakina da gawayi, don in kama shi. Ranar da muka gwada lissafi, nasa ya fi nawa da dubu biyu. Ni na manta, shi bai manta ba. Sau ɗaya kuma na ari wayar wani na buga ɗari biyar. Na je na faɗa wa Baba da bakina, ya ce, "Tashi mu yi addu'a, gobe ka kawo dubu."

Shekara biyu cur muka yi a haka.

Ranar cikon kuɗi ta faɗo a bazarar bana, hadari ya fara haɗuwa. Malam ya ƙirga, ya ce sun cika. Sannan ya gyara zama ya ce, "Sai dai na riga na zuba taki bana. Kun san al'ada, wanda ya zuba taki shi ke cin amfanin shekarar."

Na ce a raina, ga tarkon da nake faɗa! Na dubi mai unguwa, ya ce gaskiya ne, haka ake yi tun kakanni. Na dubi Baba Yohanna, shi ma ya gyaɗa kai. Tsohon halina ya taso har maƙogwaro, na ce sun haɗa baki. Amma na haɗiye, na yi addu'a a zuci, na tambaya a fili maimakon in ƙulla a ciki.

Na ce, "Malam, Inna ta tsufa. Ina so ta ci dawar gonar nan bana. Babu wata hanya?"

Ya shafa gemu. Ya ce, "Amalanke shida na zuba. Ka mayar mini da shida a gonata ta gabas kafin ruwan shuka, ka ɗauki gonarka. Taki kuma nake so, ba shara ba."

Ina zan sami taki amalanke shida, ni da ko akuya ba ni da ita? Baba ya sanar a majami'ar nan ranar Lahadi, ya nemi a taimaka mini. Na sunkuyar da kai, na tabbata babu mai zuwa, sai dai a yi dariya.

Ranar Talata da sassafe aka yi gayya. Zumuntar maza suka fito da shanu da amalanke. Matan nan da nake cewa gulmata suke, su suka share turakun awakinsu suka tara mini a buhuna. Malam Sale na tsaye a bakin gonarsa yana ƙirgawa. Da ta shida ta iso ya leƙa ya ce, "Ɗan Bawa, wannan ai rabi ce ta sa hula!" Aka yi dariya, aka ƙaro buhu biyu. Ya miƙo mini hannu a gaban kowa ya ce, "Gonarka ta koma hannunka. Kada in sake ganinka a rumfata sai da gyaɗar sayarwa."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Ni na sari rami, Inna na bina a baya tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Na ce ta zauna ta huta, ta ce in rufe mata baki. Dawar nan yanzu ta fi ni tsawo. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Allah da bai bar ni na sayar da gadon ƙannena ba. Na gode wa Inna, da Baba Yohanna, da ku duka. Na gode wa Malam Sale, wanda ya so gonar ƙwarai amma bai bi ta bayan gida ba.

Ɗan'uwa matashi, in kana zaune a nan da bashi a wuya, kana kallon kowa a matsayin maƙiyi, na san inda kake. Ka faɗa wa Yesu gaskiya, sannan ka faɗa wa mutum ɗaya mai tsoron Allah, yau, kafin ka fita ƙofar nan. Ni har gobe ba na yarda kuɗi su kwana a hannuna, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ku dogara ga Ubangiji, shi ba ya cin amana. Ku ci gaba da yi mini addu'a.

Cikin sunan Yesu, amin.