Muryar da ke Fita daga Akwatin Salmanu

Mai girma Dagaci, shugaban wannan zama, Malam Liman, Fasto Nathaniel, dattawa, iyayenmu mata, da dukkan jama'ar da suka baro gonakinsu suka zo, assalamu alaikum. Ni ne Abarshi mai gyaran rediyo. Ina godiya da kuka ba ni dama kafin a yanke hukunci a kan akwatin nan da ke gabanku, wanda wasu ke cewa a gyara, wasu kuma a ƙona.

Na farko, ku san abin da kuke tsoro. Lasifikar da muke shela da ita ba ta jin makirufo kai tsaye, sai wannan ƙaramin akwati ya ɗaga muryar ya miƙa wa babbar amfilifaya. Salmanu ɗan Baba Hajjo ne ya haɗa shi da hannunsa, daga kayan matattun rediyoyi, kafin mutanen daji su ɗauke shi a hanyar Kuyello bara da kaka.

Ranar kasuwa, rana tsaka, babu kowa kusa da makirufo, lasifika ta yi ƙara, ta yi shiru, sannan ta yi magana. Kun watse, har masu cika baki a cikinku, na ga takalmansu a ƙasa. Aka ce aljani ne, aka ce fatalwa ce, aka kawo mini akwatin.

Na biyu, ga abin da na samu. Na sa mita a batir, bolt tara cif. Na bi waya, na bi dalma, babu tsinkewa. Da na zo ƙafar transista ta farko, inda ya kamata in ga kusan rabin wutar, sai na ga wuta ta cika ta, alamar transistar tana bakin mutuwa, ba ta kunne ba ta kashe. Rasista guda ce, mai rage mata wuta, Salmanu ya sa wadda ta yi girma. Transista a wannan hali, ga doguwar wayar makirufo marar rufi, sai ta koma kunne: tana kamo oba-oba, wato rediyon hannu da mutanen daji ke magana da juna.

Ina riƙe da mitar ke nan, wallahi, sai akwatin ya yi numfashi, murya ta ce: "Inna, tuwo ya nuna? Inna, tuwo ya nuna?"

Jama'a, wa ke gwada makirufo da wannan magana a duk ƙasar Birnin Gwari in ba Salmanu ba? Biki nawa muka yi masa dariya a kanta? Mita ta faɗi daga hannuna. Ba fatalwa ba ce. Mutanen daji sun bar shi da rai ne domin yana gyara musu na'urorinsu, kuma idan ya gyara sai ya gwada.

Na uku, kuma nan ne nauyin. Oba-oba ba ta da dogon zango a wannan akwati. Idan ya yi shiru, sun yi nisa, mu kwana lafiya, amma mahaifiyarsa Baba Hajjo ba za ta san ko ɗanta na numfashi ba. Idan ya yi magana, ɗanta na da rai, kuma suna bayan gonakinmu. Na faɗa mata haka ban ɓoye ba. Ta ce ta ji, a bar mata shi kawai.

Gyaran ba ya cin lokacin shan shayi. Ga rasistar da ta dace a aljihuna. In na sa ta, lasifika za ta yi tas, muryar kuma ba za ta sake dawowa ba har abada. Ina roƙonku, kada ku sa ni in gyara shi. Zan haɗa wa gari wani sabo. Wannan a kai shi zauren Baba Hajjo, a bar shi kunne, a riƙa sauraro bi da bi. Ita ta ji ɗanta, mu kuma mu ji gargaɗi.

Kuma ku sani, tun da na fara magana yake kunne, ina jin ƙaramin huci a cikinsa da babu shi da safe. A tara yara kusa.

Allah Ya tsare garinmu, Ya dawo da waɗanda ke daji, Ya nuna wa Baba Hajjo ranar da za ta amsa wa ɗanta cewa tuwo ya nuna.

Na gode.