Kwalaben da Madam ta zubar

Kuɗin tafiyata Masar daga zabina ya fito, da saniyar da na gada wurin Inna. Duk na kai kasuwar Bakori na sayar, mutane na cewa Jummai ta haukace. Ke Zuwaira, ajiye wayar nan, ai ku kuka ce in ba ku labarin Alƙahira.

Wata Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Faisal, Hajja Asha, ita ta samo min aikatau a gidan wani likita a Giza. Mutanen nan fa harshensu bai iya "ja" ba, komai "ga". Shekara huɗu ina Gummai. Har mai gadin ƙofa, da suke ce wa bawwab, Gummai yake kirana. Na gyara, na gyara, na haƙura.

A falo akwai wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, inda likitan, da muke kira Duktur, ke kiwon abin da suke kira husan bahar, wato dokin teku. Tsawonsa bai wuce yatsana ba, kai irin na doki, jela a nannaɗe, a tsaye yake iyo. Kuma namijin ne ke ɗaukar ciki ya haihu. Ku yi dariyarku, ni ma salati na saka ranar da na ga yana naƙuda, 'ya'ya na fitowa siri-siri kamar gashin ido.

Da an haife su sai Duktur ya kwashe su zuwa ƙaramin akwati, ya niƙa musu jatan lande na firij irin wanda iyayen ke ci. Kwana uku, duk sun mutu. Sau biyu aka yi haka a gabana, matarsa Madam ta ce wai sabulun hannuna ne ke kashe su.

Haihuwa ta uku ta zo ranar da Duktur zai tafi taro Iskandariyya. Bayan ya fita na tsaya ina kallon jariran. Niƙaƙƙen abincin na wucewa ta gaban hancinsu, ko kallo bai ishe su ba. Can wani ɗan ƙwaro da ido ke gani da ƙyar ya motsa a jikin gilashi, ɗaya ya kai masa cafka. Na ce af, ashe zabi ne! Ku yaran yanzu ba ku sani ba, ɗan zabo sabon ƙyanƙyasa abu mai motsi yake so. Shi ya sa muke cusa busasshen kashin shanu a tukunya, mu yayyafa ruwa, mu kife a bakin suri, da safe mu kawo musu gara.

Washegari Juma'a ce, ranar hutuna. Na hau mikrobas, ƙaramar motar haya, zuwa wani shagon kifin ado a Faisal. Da ɗan Larabcina na kame-kame na ce wa mai shagon abinci mai rai nake so, ina yi masa motsi da yatsu. Ya sha dariya, sannan ya ba ni wani gari mai ruwan ƙasa, ya ce ƙwan wasu 'yan ƙwarin ruwa ne. In zuba a kwalba da ruwan gishiri, in sa bututun iska, kwana ɗaya zai ƙyanƙyashe. Na kafa kwalba biyu a ɗakina na bayan kicin, ta yau da ta gobe. Ina tacewa da farin ƙyalle, ina ba jariran sau huɗu a yini. Wallahi cikinsu har ja yake yi don ƙoshi. Aka kwana huɗu ba wanda ya mutu.

Sai Madam ta leƙa ɗakina ta ga kwalabe na ɓulɓula. Ta kurma ihu wai amal, wato asiri. Ta juye su a bayi, ta jefo jakata ƙasan bene, ta tara bawwab da maƙwabta.

"Baƙar nan sihiri take wa mijina!"

"Abincin jarirai ne, Madam."

"Halas! Yalla, waje!"

Ni Jummai, da ko laya ban taɓa ratayawa ba. Na yi kuka a mikrobas, ba na ɓoye muku, kuma ba kukan aiki ba ne. Sunana aka ɓata a bainar jama'a.

Kwana biyu ina gidan Hajja Asha sai ga wayar Duktur. Ya dawo ya tarar da sauransu da rai, abin da bai taɓa gani ba, amma sun fara zubewa. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in dawo, zai ƙara min albashi. Na ce masa, "Duktur, a bakin ƙofa aka kira ni matsafiya. A bakin ƙofar nan za a janye, kuma da bakin da ya faɗa."

Madam ta ce sai dai su mutu. Hajja Asha ta yi ta min faɗa, wai takardar zamana ta ƙare, ban da kowa a garin, wa na fi da zan ja da matar likita? Na ce ko gobe za a sa ni a jirgi, ba zan hau benen nan ba. Amma fa na riga na sake sayo ƙwai, kwalba na ɓulɓula a kicin ɗinta, zuciyata duk tana wurin 'yan abubuwan nan. Na san kowace awa wani na mutuwa.

Sai la'asar ɗin washegari Duktur ya ce in zo. Madam ta sauko, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. A gaban bawwab da matar bene na biyu ta ce ta yi kuskure, Gummai ba ta sihiri. Na ce ban ji ba, motoci na ƙara. Ta maimaita. Sannan na hau da kwalbata.

Bakwai na tarar, cikin talatin da wani abu. Bakwai ɗin nan duk sun girma a hannuna, har suka haifi nasu. Na ƙara shekara uku a gidan, na dawo na gina ɗakin nan da kuke zaune a ciki.

Har yau in na tuna waɗanda suka mutu a yinin da na ƙi hawa, raina na ɓaci, don da hannuna na ciyar da su. Amma ko yau aka sake, Zuwaira, sai ta sauko.