Zanen Namu Ne, Fuskar Ba Tamu Ba Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar ƙungiyarmu ta masu sayar da kaya a intanet, iyayen ƙungiya da suka ajiye harkokinsu suka zo, masu injinan buga riga da nake hangowa can gefen taga, masu babura da ke kai mana kaya ƙofa-ƙofa cikin rana da ruwa, 'yan'uwana masu ƙananan shaguna irin nawa, maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma neman afuwarsu tun kafin in fara. Wata guda da ya wuce suka roƙe ni in yi bayanin yadda ƙaramin shago ke girma, na amsa da murnata, har na cika shafi uku. Waɗancan shafukan na baro su a gida. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka zan faɗa muku abin da ke tafe da ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai sayar da kayan masoyan mawaƙin nan da ake kira Mai Baƙar Hula: riguna, kofuna, huluna da sitika, duka ɗauke da fuskarsa. Shagona ba shi da ƙofa a bakin titi. Shafi ne a waya, sai ɗaki ɗaya a gidana wanda surukata ke sauka a ciki in ta zo. Yanzu kwalaye sun cinye gadon, har takan ce ita ba ta taɓa jin tsohuwar da kofin shayi ya kora daga ɗakinta ba sai ita.

Shekara uku ke nan da farawa. 'Yata ce ta matsa mini da son riga mai hoton mawaƙin, muka zaga kasuwa ba mu samu ba. Ƙanwata, wadda muke kira Auta, ta gama karatun zane ba ta sami aiki ba, tana zaune a wurina. Ita ta zana shi, muka kai aka buga riga ɗaya. Yarinya ta saka, ta ɗora hoto, kafin magariba mutum goma sha bakwai sun tambayi inda ake sayarwa. Tun daga ranar Auta ke zane, ni ke sayarwa, maigidana ke ɗaure kwalaye in ya dawo aiki. Ban taɓa tambayar kowa izini ba, domin ban taɓa sanin akwai wanda ake tambaya ba.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, da hantsi, ina goge riguna arba'in na wasu masoya da za su je wasan mawaƙin, sai wayata ta yi ƙara. Masu manhajar da shagona yake ciki ne suke sanar da ni cewa an kai ƙarata, sun rufe shafina. Na buɗe, na ga babu komai, fari tas kamar ban taɓa wanzuwa ba. Ina tsaye da dutsen guga a hannu har na ji ƙaurin riga. Kafin la'asar wasiƙa ta iso daga kamfanin da ke kula da harkokin mawaƙin. Sun ce ina cin kasuwa da fuskarsa ba da yardarsu ba, sun ba ni kwana goma sha huɗu in zo mu daidaita, ko mu haɗu a kotu.

Ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba, ga sunana a takarda kusa da kalmar kotu.

Muka je ofishinsu ni da maigidana. Aka zaunar da mu a wani ɗakin jira mai sanyi, kujerunsa na ƙarfe. Ina ɗaga kai sai na ga sakatariyar tana shan shayi a kofina. Kofina, jama'a, mai zanen Auta, wanda na naɗe da hannuna na aika. Na taɓa maigidana na nuna masa, ya ce in yi shiru kada in ja wa baiwar Allah kora.

Lauyar kamfanin mace ce, sa'ata. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce mu masoyansa ne, ba ɓarayi ba. Na ce ba mu taɓa sayar da ruɓaɓɓen yadi da sunansa ba, kuma duk rigar da ta fita daga ɗakina talla ce muka yi masa kyauta. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, sannan ta ce:

"'Yar'uwa, ban ce zanen bai yi kyau ba. Zanen naku ne. Amma fuskar ba taku ba ce."

Gaskiya ta faɗa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ta ce hanya biyu ce a gabana: ko in miƙa musu duk kayan da ke ɗakina in rufe, ko in nemi lasisi. Sai dai ta ƙara da cewa ba su cika ba wa mutum ɗaya mai ƙaramin shago lasisi ba, sun fi sauraron ƙungiya mai rajista. Da za mu fita ta tambaye ni wane ne yake mana zanen, ni kuwa na faɗa mata da alfaharina.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi.

Na farko, ba ni kaɗai ba ce. Ina duban ɗakin nan ina ganin mai sayar da rigunan 'yan ƙwallo, ina ganin mai buga hotunan jaruman fim a jakunkuna, ina ganin mai sitikar 'yan katun na talabijin da yara ke kuka a kansu. A cikinmu wa yake da takardar izini? Ba sai kun ɗaga hannu ba, shirun ya isa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a gaban alƙali ba ya zama hujja. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa gemun, duk da ni mace ce, yana ci yanzu haka.

Na biyu, shafin da muke kira namu ba namu ba ne. A filin wani muka yi gini. Ina da mabiya dubu goma sha ɗaya, yau ba ni da hanyar gaya wa ko ɗaya daga cikinsu cewa ina raye. Masu rigunan nan arba'in sun ɗauka guduwa na yi, sai da na bi ta hannun mai babur da ya taɓa kai wa shugabansu saƙo kafin na wanke kaina. Mutumin da ke buga mini riguna, ga shi can, saboda aikina ya ƙaro inji na biyu. Kullum da safe sai ya kira ya ce gaisuwa ce kawai, ni kuwa na san abin da yake son tambaya. Don Allah ku rubuta lambobin abokan cinikinku a wani wuri da babu mai iya goge muku shi da danna maɓalli ɗaya.

Na uku, roƙo ne. Wa'adina jibi yake cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabanni su ba ni wasiƙa da hatimin ƙungiya, su kuma ba ni mutum biyu ko uku su raka ni, mu nemi lasisin da sunan dukkanmu. Ban yi muku alkawarin mutanen kamfanin za su yarda ba. Ban ma sani ba ko za su bari mu wuce ɗakin jira. Amma akwai takarda a teburin bakin ƙofa, duk wanda ya ga wannan wuta tana iya isowa gidansa ya sa hannu kafin ya fita.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi, kuma ba a rubuce take ba.

Kwana biyu bayan zuwanmu ofishin, mutanen kamfanin suka kira Auta. Sun ce za su ɗauke ta aiki, da albashi da ofis da sunanta a ƙarƙashin kowane zane, bisa sharaɗin ba za ta ƙara zana wa kowa ba, har ni. Ta zo ta same ni a ɗakin kwalaye ta gaya mini, ta ce, "Yaya, in kin ce kar in je, ba zan je ba." Na ce mata zan yi tunani. Mako guda ke nan ina tunanin. Muna ci a kwano ɗaya, kowa na kallon nasa gefen. Na san ko an ba ni lasisi, shagona ba tare da hannunta ba riga ce kawai da tawada. Na kuma san shekara uku tana zane a kan gwiwarta, jama'a na yaba shagon, babu wanda ya san sunanta. Tsoro ne ya riƙe mini baki, ba wani abu ba.

Auta, ga ki can layin baya kin sunkuyar da kai. Abin da na kasa faɗa miki a gida zan faɗa a nan, don in na faɗa gaban mutane ba zan iya janyewa ba. Ki je. Gobe da safe ki kira su ki ce kin amsa. Ban san yadda zan yi ba, wallahi ban sani ba, amma wannan damuwata ce, ba taki ba.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya tsare mana sana'o'inmu da mutuncinmu. Allah Ya sa albarka a hannun mai zane da mai bugawa da mai kaiwa. Allah Ya sanyaya zukatan waɗanda za mu tsaya gabansu jibi, Ya ba mu abin faɗa in an tambaye mu. Allah Ya saka wa shugabanninmu da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.